Babi na Bakwai: Haɗa Odar Intanet da Na'urar Ciniki ta Gidan Abinci

Gidan abinci na zamani yana karɓar oda ta ƙofofi da yawa. Akwai wanda ya zo ya zauna a tebur, akwai wanda ya tsaya a kanta ya ce a ƙunsa masa, akwai mai bugo waya, sannan akwai wanda ya latsa wayarsa yana gida ko ofis, ta shafin gidan abincin ko ta manhajar wani kamfanin kai abinci. Ko ta wace ƙofa oda ta shigo, wurare biyu take buƙatar isa: kicin, inda za a dafa ta, da littafin lissafi, inda za a rubuta kuɗinta. Na'urar da ke riƙe da waɗannan ayyuka biyu ita ce na'urar ciniki, wadda masu sana'ar ke kira POS. A Najeriya an fi sanin wannan suna da ƙaramar na'urar cire kuɗi da kati, amma a harkar gidan abinci yana nufin tsarin baki ɗaya: allon da kashiya ke latsawa, manhajar da ke cikinsa, durowar kuɗi, firintar rasit da firintar kicin. Haɗa odar intanet da wannan tsari shi ne a sa odar da aka yi daga nesa ta shiga na'urar da kanta, ba tare da ma'aikaci ya sake rubuta ta ba.

Asalin na'urar ciniki

Na'urar ciniki ta girmi intanet da kusan shekara ɗari. A 1879 James Ritty, mai gidan shaye-shaye a Dayton ta jihar Ohio a Amurka, ya yi rajistar wata na'ura mai ƙidaya ciniki, saboda yana zargin ma'aikatansa da ɗiban kuɗi. A 1884 John H. Patterson ya sayi kamfanin da ke ƙera ta, ya mai da shi National Cash Register, wato NCR. Tun daga farko, ke nan, manufar na'urar ita ce kada wani ciniki ya wuce ba a rubuta shi ba.

Kwamfuta ta shiga harkar a shekarun 1970. A 1973 IBM ya fitar da tsarin ciniki na manyan kantuna, a 1974 kuma kamfanin William Brobeck ya ƙera wa McDonald's na'urar da ke da maɓalli ɗaya ga kowane nau'in abinci. A 1986 Gene Mosher ya nuna allon ciniki mai hotuna da ake latsawa da yatsa. Daga nan manyan sunaye biyu suka mamaye gidajen abinci na Amurka da wasu ƙasashe: MICROS, wanda Oracle ya saya a 2014 kan kusan dala biliyan 5.3, da Aloha, wanda ya koma hannun NCR a 2011. Waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan kwamfuta guda da ke ajiye a ofishin bayan gidan abinci, tana magana da alluna da firintoci ta wayoyin cikin gida. Ba a tsara su don karɓar saƙo daga waje ba, kuma wannan shi ne tushen mafi yawan wahalar da aka sha daga baya.

Sabbin tsare-tsare irin su Square, wanda aka kafa a 2009, da Toast, da Clover, da Lightspeed, sun ɗauki wata hanya. Bayanansu suna zaune ne a manyan kwamfutocin kamfanin, allon da ke kanta kuwa yana ɗauko su ta intanet. Haɗa irin waɗannan da shafin oda ya fi sauƙi, domin ɓangarorin biyu duk a intanet suke.

Yadda odar intanet ta taso daban

A 1994 Pizza Hut ya gwada wani shafi mai suna PizzaNet a garin Santa Cruz na California. Oda takan tafi wata kwamfuta a Wichita ta jihar Kansas, daga can a turo ta reshen da zai gasa, ma'aikaci kuma ya buga wa mai saye waya ya tabbatar. Bayan haka kamfanonin da ke tattara gidajen abinci da yawa a shafi ɗaya suka bayyana: Seamless a New York a 1999, Just Eat a Denmark a 2001, Grubhub a Chicago a 2004, sannan DoorDash da Deliveroo a 2013, Uber ya bi sahu a 2014, Glovo kuma a Barcelona a 2015.

Waɗannan kamfanoni ba su da iko da na'urar cinikin gidajen da suke hulɗa da su, don haka suka nemi hanyar da ba ta buƙatar ta. Da farko sukan tura oda ta na'urar faks ko imel, ko su ajiye wata ƙaramar firinta tasu a kanta. Daga baya kowane kamfani ya riƙa ba gidan abinci kwamfutar hannu mai ƙara idan oda ta shigo. Gidan da ke hulɗa da kamfanoni huɗu sai ya wayi gari da kwamfutocin hannu huɗu a kan kanta, kowacce da ƙararta, da jerin abincinta, da kalmar sirrinta. Ma'aikaci yakan karanta oda daga ɗaya, ya juya ya sake buga ta a na'urar ciniki.

Illar wannan kwafa da hannu a fili take. Tana cin lokacin ma'aikaci a daidai sa'ar da layi ya fi tsawo. Tana jawo kuskure: a manta da abin sha, a tsallake gargaɗin cewa mai saye ba ya cin gyaɗa, a buga ƙaramin kwano a maimakon babba. Idan kuma cunkoso ya yi yawa, sai a dafa oda kai tsaye daga allon kamfanin ba a shigar da ita na'ura ba, lissafin dare ya ƙi daidaita, kayan sito su ragu ba a san inda suka tafi ba. Gidajen da suka kuɓuta daga wannan tun da wuri su ne masu mallakar ɓangarorin biyu. Domino's, wanda yake da na'urar cinikinsa mai suna Pulse a rassansa na Amurka, ya buɗe odar intanet a 2007, a 2008 kuma ya ƙara allon da ke nuna wa mai saye matakin da fizarsa take. Hakan ya yiwu ne saboda shafin da kicin suna duban bayani ɗaya.

Hanyoyin haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce gidan abinci ya yi amfani da shafin oda na kamfanin da ya sayar masa da na'urar ciniki. Toast da Square da makamantansu duk suna da shi. A nan babu wani haɗi da za a gina, domin jerin abinci da farashi guda ne. Cikas ɗinta shi ne gidan yana ɗaure da abin da kamfanin ya tanada, kuma ranar da ya so sauya na'ura sai ya sauya shafin ma.

Hanya ta biyu ita ce haɗi kai tsaye ta API, wato ƙofar da kamfanin na'ura ya buɗe wa sauran manhajoji, tare da ƙa'idojin yadda za a yi tambaya da yadda amsa za ta zo. Shafin oda yakan aika saƙo a wani tsarin rubutu da ake kira JSON, mai ɗauke da lambar reshe, lambar kowane abinci, adadi, farashi, lokacin ɗauka da sunan mai saye. Wannan hanya ta fi ba mai gina shafi iko, amma kowace na'ura da irin ƙa'idojinta. Wasu kamfanonin suna barin kowa ya yi rajista ya fara gwaji, wasu kuwa sai an nemi izini, an sa hannu a yarjejeniya, an ci jarrabawar cancanta, wani lokaci har an biya kuɗi.

Hanya ta uku ita ce manhajar tsakani. Aikinta kamar na tafinta ne a kasuwar da ake jin harsuna da yawa: tana karɓar oda daga kowane shafi da kowane kamfanin kai abinci, ta juya ta zuwa tsarin da na'urar gidan ke ganewa. Olo, wanda Noah Glass ya kafa a 2005 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021, da Deliverect, wanda aka kafa a Ghent ta Beljiyam a 2018, suna cikin sanannun masu wannan aiki. Dalilin samuwarsu lissafi ne mai sauƙi. Idan akwai shafukan oda 10 da nau'o'in na'ura 20, haɗa kowanne da kowanne yana buƙatar haɗi 200. Da mai tsakani kuwa 30 sun isa. Farashin wannan sauƙi shi ne kuɗin wata-wata, da kuma ƙarin wuri guda da abu zai iya lalacewa.

Hanya ta huɗu ta tsofaffin na'urori ce. Akan girka wata ƙaramar manhaja a kwamfutar ofishin gidan abinci, wadda kowane ɗan lokaci take leƙa intanet ta tambaya ko akwai sabuwar oda, ta ɗauko ta, ta shigar da ita na'ura kamar kashiya ne ya buga. Ita ce ke fita neman saƙo, don haka ba sai an buɗe ƙofar kwamfutar ga duniya ba. Amma idan aka kashe kwamfutar ko manhajar ta tsaya, oda za ta taru a waje ba wanda ya sani.

Akwai kuma abin da ake tallatawa da sunan haɗi alhali bai kai ba: firintar da ke buga oda kai tsaye daga intanet a kicin. Tana magance jinkiri da kuskuren kwafa, amma cinikin bai shiga littafi ba, sai an zo an shigar da shi daga baya.

Jerin abinci, inda aikin ya fi nauyi

Tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ɓangarorin biyu su yarda a kan abin da saƙon ke nufi. Na'urar ciniki ba ta san abinci da suna ba, da lamba ta san shi. Jerin da ke cikinta an tsara shi ne don saurin kashiya, da gajerun sunaye da maɓallan da ma'aikata kaɗai ke fahimta, har da tsofaffin abinci da aka daina sayarwa ba a goge su ba. Jerin da mai saye ke gani kuwa yana buƙatar cikakken suna, hoto da bayani. Dole kowane abu a jerin intanet ya sami lambar abokinsa a na'ura, ɗaya da ɗaya.

Zaɓuɓɓuka su ne suka fi rikitarwa. A ɗauki misalin kwanon shinkafa dafa-duka. Mai saye zai zaɓi girman kwano, zaɓi ɗaya tilas. Zai zaɓi nama: kaza, kifi ko naman sa, kowanne da ƙarin kuɗinsa. Idan kaza ce, soyayya ko gasasshiya, wato zaɓi a cikin zaɓi. Zai iya ƙara soyayyar ayaba ko salak har biyu, na farko kyauta, na biyu da kuɗi. Zai iya cewa a rage yaji. Wata na'urar tana ɗaukar babban kwano da ƙarami a matsayin abinci biyu masu lamba daban-daban, wata kuma tana ɗaukar su abinci ɗaya mai zaɓin girma. Wani shafin oda ba ya iya nuna zaɓi a cikin zaɓi. Fizar da rabinta nama ne rabinta kayan lambu, da haɗin abinci da abin sha a farashi ɗaya, duk sanannun wuraren tuntuɓe ne. Idan lamba ɗaya ta kuskure, ko dai na'ura ta ƙi karɓar odar gaba ɗaya, ko ta karɓe ta da farashin da ba shi ba.

Ƙa'idar da ke hana wannan rikici ita ce a ware wuri ɗaya da za a riƙa gyara jerin abinci, sauran su kwafa daga gare shi. Galibi na'urar ciniki ce ke zama wannan wuri, tunda ita ke lissafin kuɗi da haraji. Idan manaja ya ƙara farashin kaza a na'ura, canjin ya tafi shafi da kansa. Inda aka bar mutane biyu suna gyara a wurare biyu, ba a daɗewa farashin ya bambanta.

Haka ma batun ƙarewar abinci. A cikin gida, idan kifi ya ƙare, mai dafuwa zai ɗaga murya kowa ya ji. Mai saye ta intanet ba ya jin wannan murya. Haɗi mai kyau yana sa maɓallin da aka latsa a na'ura cewa kifi ya ƙare ya ɓoye shi a duk shafuka cikin ɗan lokaci. Idan babu wannan, gidan zai karɓi kuɗin abin da ba shi da shi, ya koma bugun waya da ban haƙuri da mayar da kuɗi. Lokutan sayarwa ma suna cikin jerin: abincin karin kumallo ya ɓace da hantsi, kuma a watan azumi gidajen da ke sauya lokutan buɗewa su sauya su a wuri ɗaya.

Bayanin abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, kamar gyaɗa, madara, ƙwai da alkama, ba ado ba ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta lissafa irin waɗannan abubuwa 14, ta kuma wajabta sanar da mai saye daga nesa kafin ya kammala ciniki. Wasu na'urori suna yanke rubutun gargaɗi idan ya wuce wani adadin haruffa, don haka dole a gwada a ga cewa abin da mai saye ya rubuta ya fito a takardar kicin cikakke.

Tafiyar oda

Oda mai kyau tana bin matakai sanannu. Mai saye yana cika kwandonsa, kafin ya biya sai shafin ya aika kwandon ga na'ura don ta duba: duk abubuwan suna nan, reshen a buɗe yake, ga jimillar kuɗi da haraji. Wannan jimilla ta na'ura ita ake nuna masa. Bayan ya biya, shafin ya aika odar ta gaskiya, na'ura ta amsa da lambar rasit. Sai wannan amsa ta zo ne ya halatta a ce wa mai saye an karɓi odarsa.

Daga nan na'ura take raba aikin. Gashi ya tafi firintar wurin gashi, abin sha ya tafi na masu abin sha, cikakkiyar takarda kuma ta tafi wurin mai ƙunsawa. Yawancin firintocin suna jin umarnin ESC/POS da kamfanin Epson ya tsara. Kusa da murhu akan fi son firinta mai bugawa da ribin, saboda takardar firinta mai aiki da zafi takan yi baƙi idan ta sha wuta. Manyan gidaje sun maye gurbin takarda da allon kicin, inda mai dafuwa ke latsawa idan ya gama. Wannan latsawa ce ke komawa baya ta zama saƙon da ke gaya wa mai saye ko ɗan aike cewa abinci ya shirya.

Wuri mafi haɗari a tafiyar shi ne tsakanin aikawa da amsa. Shafi ya aika oda, intanet ta yanke, amsa ba ta dawo ba. Shafin bai san ko odar ta isa ko ba ta isa ba. Idan ya yi shiru, mai yiwuwa mai saye ya biya kuɗi kicin bai ga komai ba. Idan ya sake aikawa, mai yiwuwa a dafa abinci sau biyu. Maganin shi ne kowace oda ta ɗauki lambar shaida tata tun daga shafi, na'ura kuma ta riƙa tuna lambobin da ta gani. Idan lamba ta dawo karo na biyu, sai ta maimaita amsarta ta farko ba tare da ta buɗe sabon rasit ba. Da wannan, shafi zai iya sake aikawa sau nawa ya ga dama, yana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji. Idan duk sun ci tura, dole wani mutum ya sani nan take, ta saƙon waya ko ƙarar kwamfutar hannu, domin odar da ta ɓace a ɓoye ta fi wadda aka ƙi karɓa a fili muni.

Lokaci da ƙarfin kicin

Zauren cin abinci yana da iyaka, kujeru na cika sai a jira. Shafin intanet ba shi da kujeru, yana iya karɓar oda hamsin a minti biyar. Saboda haka tsarin yana buƙatar ma'aunin da zai taƙaita yawan odar da za a karɓa a kowane kwata na awa, ko ya ƙara lokacin jira da ake faɗa wa mai saye idan kicin ya cika, tare da maɓallin dakatar da oda na ɗan lokaci. Odar da aka yi da safe don a ɗauka da yamma kuma ba a son ta fito a kicin tun da safe. Ko na'ura ta riƙe ta, ko shafi ya riƙe ta har lokacin fara dafuwa ya yi, kuma dole a san wanne daga cikinsu ke da wannan alhaki. Kuskuren agogo tsakanin kwamfutar da ke wata ƙasa da reshen da ke wata ƙasa yakan sa abinci ya fito awa guda kafin lokacinsa ko bayansa.

Kuɗi, haraji da daidaita lissafi

Odar da aka biya a intanet dole ta shiga na'ura a matsayin wadda aka riga aka biya, da nau'in biya na musamman ga kowace hanya, don kada kashiya ya sake neman kuɗi, kuma kada a nemi kuɗin a durowa da dare. Bambanci na gaba shi ne tsakanin abin da aka sayar da abin da ya iso banki. Kamfanonin kai abinci suna cire la'adarsu kafin su biya, kuma a Amurka la'adar takan kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. A 2020, lokacin annobar korona, biranen San Francisco da New York sun sa mata iyaka ta doka. A misali, idan aka sayar da abincin naira 10,000 da la'adar kashi 25, na'ura za ta rubuta 10,000, banki kuwa 7,500 zai nuna, kuma bayan kwanaki, a dunƙule da kuɗin wasu ododin. Idan ba a ajiye lambar oda ta kamfanin a jikin rasit ɗin na'ura ba, babu yadda akanta zai gano wace oda ce aka biya, wacce aka soke, wacce aka zaftare.

Haraji ma yana buƙatar wuri ɗaya da ake lissafa shi. A Najeriya harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, jihar Legas kuma tana da harajin kashi 5 a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci. Idan shafi ya lissafa haraji a kan kowane abu daban, na'ura kuma ta lissafa a kan jimilla, za a sami bambancin 'yan kwabbai, kuma wasu na'urori kan ƙi rufe rasit saboda shi. Rangwame, kuɗin kai abinci, kuɗin mazubi da tukuicin ma'aikata, kowanne yana buƙatar gurbinsa. Mayar da kuɗi kuma dole ya faru a ɓangarorin biyu, in ba haka ba littafi zai nuna cinikin da babu shi.

Tsaro da sirrin mai saye

Duk haɗi ƙofa ce, kuma na'urar ciniki wuri ne da ɓarayin bayanai ke hari. A 2016 kamfanin gidajen abinci na Wendy's ya sanar cewa an sa muguwar manhaja a na'urorin rassansa fiye da 1,000 a Amurka, kuma maharan sun shiga ne da bayanan shiga na wasu kamfanonin da ke yi wa rassan hidima daga nesa. Ƙa'idojin PCI DSS, waɗanda manyan kamfanonin kati suka fitar a 2004, sun shafi duk mai taɓa lambar kati. Hanya mafi aminci ga ƙaramin gida ita ce lambar kati kada ta bi ta shafinsa ko na'urarsa sam. Mai saye ya shigar da ita a shafin kamfanin karɓar kuɗi, irin su Stripe, Paystack ko Flutterwave, gidan abinci ya karɓi tabbacin biya kawai. Tabbacin ma sai an duba sa hannun lantarki da ke jikinsa, don kada wani ya ƙirƙiro saƙon ƙarya cewa an biya. Mabuɗan API a ba su iya izinin da aikin ke buƙata, a kuma sauya su idan ma'aikaci ko ɗan kwangila ya bar aiki.

Suna, lambar waya da adireshin mai saye amana ce, kuma a Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tattara su nauyi. Akwai kuma ɓangaren kasuwanci: odar da ta zo ta shafin gidan abinci tana barin bayanan mai saye a hannun gidan, wadda ta zo ta kamfanin kai abinci kuwa galibi kamfanin ne ke riƙe su. Wannan, tare da la'ada, shi ya sa gidaje da yawa ke son shafin kansu ko da suna hulɗa da kamfanonin.

Inda wuta da intanet ba su da tabbas

Tsarin da aka gina a kan zaton cewa wuta da intanet ba sa yankewa ba zai yi aiki yadda ya kamata a Kano, Kaduna ko Yamai ba. Na'urar ciniki tana buƙatar iya ci gaba da karɓar odar cikin gida idan intanet ta tafi, ta tura bayanan idan ta dawo. Shafin oda kuma ya riƙa jin motsin na'urar kowane ɗan lokaci, idan ta yi shiru ya rufe karɓar oda da kansa. Batirin ajiya ga na'urar intanet da firinta, da layin waya na biyu daga wani kamfani daban, suna cikin kayan aiki na tilas.

Hanyar biya ma ta bambanta. Tiransifa ta banki ta zama ruwan dare a Najeriya, musamman bayan ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Hoton rasit da mai saye ya turo ba hujja ba ce, kuma jiran alat a wayar mai gida yana tsayar da kicin. Kamfanonin karɓar kuɗi suna iya ba kowace oda lambar asusu ta wucin gadi, ta yadda kuɗi na shiga tabbaci zai iso, oda ta wuce kicin. Odar da ake karɓa ta WhatsApp, wadda ƙananan gidaje da masu dafuwa a gida suka dogara da ita, tana nan a matakin kwafa da hannu, sai dai idan saƙon yana kai mai saye ga shafin da ke haɗe da na'ura. Kasuwar kanta tana sauyawa: Jumia Food da Bolt Food sun bar harkar a Najeriya a ƙarshen 2023, Glovo da Chowdeck suka ci gaba. Gidan da jerin abincinsa da tarihin cinikinsa ke cikin na'urarsa ba ya rasa su idan wani kamfanin kai abinci ya rufe.

Gwaji da rabon alhaki

Kafin a buɗe wa jama'a, akan yi odar gwaji ta kowane abinci da kowane zaɓi, a duba takardar kicin, farashi da haraji. Akan gwada soke oda, mayar da rabin kuɗi, ƙarewar abinci ana tsakiyar ciniki, da cire wayar intanet da gangan ana cikin aikawa. Akan fara da reshe ɗaya a ranar da ba cunkoso. Bayan an buɗe, kowace safiya a kwatanta adadin odar da shafi ya karɓa da adadin da na'ura ta rubuta, kuma duk lokacin da ɗaya daga cikin kamfanonin ya sabunta manhajarsa a sake gwaji.

Tambayoyin da suka rage na mutane ne. Idan oda ta maƙale da daren Juma'a, kamfanin shafi, mai tsakani da kamfanin na'ura kowanne yana iya nuna ɗan'uwansa, mai saye kuwa gidan abinci kaɗai ya sani. Dole yarjejeniya ta fayyace wanda za a kira, a wane lokaci, da wanda zai ɗauki asarar. A cikin gida ma a san mutum ɗaya mai ikon gyara jerin abinci, kuma kowane ma'aikacin kanta ya iya dakatar da oda da shigar da ita da hannu idan haɗin ya faɗi. Ana cewa haɗi ya yi nasara idan abin da mai saye ya zaɓa, abin da kicin ya dafa da abin da littafi ya rubuta suka zama abu ɗaya a kowace oda, kuma aka san wanda zai gyara a ranar da suka saɓa.